Tsibirin Gobir: sabon gari mai tsohon asali

Wanda ya fito Maraɗi ya kama babbar hanyar da ta nufi Gidan Rumji da Ƙonni, kafin ya cika kilomita 15 zai iske Tsibiri. In motar ba ta tsaya ba, abin da zai gani bai wuce abin da ake gani a kowane garin gefen hanya ba: masu tallar rake da mangwaro, amalanken shanu, rumbunan gero, yara na komowa daga lakwal. In an auna shi da Maraɗi mai manyan attajirai da gidajen bene, Tsibiri ƙaramin wuri ne. Amma nan fadar Sarkin Gobir take. Ranar salla, in anka buga tambura, maroƙa sunka fara jero sunayen sarakuna, sai a ji ana ambaton garuruwan da ke can nesa, tafiyar kwanaki da yawa bisa raƙumi, waɗansu ma yau ko bango guda babu a tsaye cikinsu.

Garin shi kansa bai tsufa ba. A shekarar 1836 anka kafa shi, ke nan bai cika shekara 200 ba, alhali Katsina da Kano da Agadas sun daɗe da wuce 500. Ko wurin da yake zaune yau ba nan anka fara sa shi ba. Tsohon garin yana ƙasa, cikin fadamar Gulbin Maraɗi, kuma ana cewa daga nan sunan ya fito, don in gulbi ya kawo ruwa sai ya kewaye wurin kamar tsibiri. Ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon Maraɗi ba ta ƙyale maƙwabta ba, shi ya sa Tsibiri ma ya tashi ya hau tudu. Faransawa sunka rubuta sunan Tibiri a takardunsu, har ya kan rikice da wani Tibiri da ke jahar Doso, wanda ba abin da ya haɗa su sai suna.

To, yaya garin da anka gina jiya jiya zai zama mai tsohon asali? Sai an bi sawun mutanen baya baya, zango zango, kafin a gane.

Abin da tsofaffi ke cewa

In an tambayi dattawan fada, za su ce Gobirawa daga gabas sunka fito. Waɗansu su ce daga ƙasar Larabawa, daga wani wuri mai suna Gubur, waɗansu su ce daga Masar. Daga nan sai a biyo da su ta Bilma, garin gishiri, har duwatsun Abzin, inda sunka zauna zamani mai tsawo. Wannan magana ba yau ta fara ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yaƙi Gobir da hannunsa, ya rubuta a littafinsa Infaƙul Maisuri, wajen 1812, cewa an ba shi labarin asalin Gobirawa daga Ƙibɗawan Masar yake. Akwai kuma labarin Bayajida, wanda ya sa Gobir cikin Hausa Bakwai, ya ce Duma ɗan Bawo ne sarkinta na farko, kuma ita anka ba aikin yaƙi don tana bakin iyaka ta arewa. Gobirawa da yawa ba su cika son wannan labari ba. Sun fi riƙe nasu, wanda bai bi ta Daura ba.

Jerin sarakunan da ke fada ya wuce suna 300. Mai lissafi zai ce, in kowane sarki ya yi shekara 10 kawai, an haura shekara 3,000 ke nan, abin da ke da wuyar karɓa. Amma jerin bai zama banza ba saboda haka. Jeri irin wannan ya kan tara sunayen waɗanda sunka yi mulki lokaci guda a wurare dabam dabam, da waɗanda sunka kwana biyu bisa karaga anka tuɓe su, da kakannin zuriyoyin da sunka shigo daga baya anka ba su wuri. Tun daga ƙarni na 18 zuwa yau kuwa, sunayen sun yi daidai da abin da ke rubuce a littattafan Sakkwato da na matafiya.

Zancen Masar da Gubur, baki ne kaɗai ke riƙe da shi, kuma kabilu da yawa na ƙasashen nan suna da irinsa. Zancen Abzin dabam ne, don shi yana da shaidu.

Shaidar ƙasa da ta takarda

Kudu maso yamma da Agadas, gindin tsaunin Tigidit, akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Marandet, wurin rijiyoyin makiyaya. Wani Bafaranshe mai binciken kufai, Henri Lhote, ya iske a nan tsibi tsibin toka cike da ƴan ƙananan tukwanen yumɓu, dubbai bisa dubbai, irin waɗanda ake narka tagulla ciki. Awon da anka yi ya nuna aikin ya wuce shekara 1,000. Wani marubuci Balarabe na ƙarni na 9, Yaƙubi, ya ambaci wata ƙasa mai suna Maranda a wannan yanki, kuma labaran Gobirawa na sa Maranda cikin mazaunansu na da. Masana tarihi, cikinsu har da Farfesa Jibo Hamani wanda ya yi dogon bincike kan Adar da Abzin, sun nuna cewa mutane masu magana da Hausa sun zauna Abzin kafin Buzaye su yi rinjaye a wurin.

A 1353 Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko, ya sauka Takadda, garin tagulla, wanda masu bincike ke ganin shi ne kufan Azelik kusa da Tagidda mai gishiri. Ya ce ana kai tagullar garin wata ƙasa da ya kira Kubar. Galibin masana sun yarda Gobir yake nufi. Sai kuma a farkon ƙarni na 16, wani matafiyi da Turawa ke kira Leo na Afirka ya ba da labarin Gobir, ƙasa mai garkunan shanu da tumaki, mai masaƙa da dukawa masu ɗinka takalma. Ke nan sunan Gobir ya shiga takarda kusan shekara 500 kafin a aza tubalin farko na Tsibiri.

Abin da ya fid da su daga Abzin shi ne matsin Buzaye, waɗanda sunka yi ta shigowa daga arewa zuriya bayan zuriya, har sunka kafa sarautarsu a farkon ƙarni na 15, wadda daga baya ta zauna Agadas. Ga kuma ƙasa na ƙara bushewa. Manomi bai zama inda gero ba ya yi. Sai Gobirawa sunka gangaro kudu sannu sannu, ba rana ɗaya ba, har sarauta ta zauna Birnin Lalle.

Birnin Lalle yana nan har yau, kusa da Dakwaro, cikin jahar Maraɗi. Ƙauye ne, ana noma gero da wake, ana kiwon awaki. Baƙon da ba a gaya wa ba, ba zai san cewa daga nan anka taɓa mulkin ƙasa guda ba. Sunan kaɗai ke tona asiri, don ba a kiran wuri birni sai in ya taɓa yin ganuwa.

Alƙalawa

Daga Birnin Lalle sarakunan sunka ci gaba da matsawa kudu maso yamma, wajen fadamun Gulbin Rima, inda ƙasa ta fi albarka. Ƙasar Zamfarawa ce a lokacin. Gobirawa sunka shiga a matsayin baƙi, anka ba su wurin noma, sunka yi yawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya juya wa masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara, ya gina sabon birni a Alƙalawa. Ana cewa gonakin alƙalin Zamfara ne a wurin, shi ya sa sunan.

A Alƙalawa Gobir ta kai ƙarshen ƙarfinta, zamanin Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari. Har gobe in makaɗi na son ya motsa Bagobiri, sunan Bawa yake kira. A cikin ƙasarsa kuma wani malami ya taso, Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a 1754 a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau. Labarin haɗuwarsu a filin idi na Magami sananne ne. Bawa ya rarraba wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda ke kurkuku, a rage wa talakawa nauyin haraji. Bawa ya yarda. Waɗanda sunka gaje shi, Yakuba da Nafata da Yunfa, ba su da ƙarfinsa, jama'ar Shehu kuwa sai ƙaruwa take. Nafata ya sa dokoki don ya rage ta, zamanin Yunfa abin ya kai ga takobi.

A farkon 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A watan Yuni na shekarar anka kara a Tabkin Kwatto, rundunar Yunfa ta watse. A ƙarshen shekarar Gobirawa sunka rama a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata da yawa sunka kwanta dama. Yaƙi ya yi ta juyawa shekara huɗu. A watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello ya shiga Alƙalawa, anka kashe Yunfa, birnin ya zama kufai. 

Kowane ɓangare na da yadda yake ba da wannan labari, kuma jikokin duka biyun yau suna sahu ɗaya a masallaci, suna auren juna. Abin da ya shafi Tsibiri a ciki shi ne birni ya faɗi amma sarautar ba ta mutu ba. Shekara 28 tana yawo. Ƴaƴan sarki sunka watsu, wani ya yi mubaya'a ga Sakkwato, wani ya ƙi, wani ya yi yau ya warware gobe. A 1836 Sarkin Gobir Ali ya haɗa kai da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi da waɗansu Buzaye, sunka fuskanci Bello a Gawakuke. Anka yi musu mummunan kaye. Ali da Rauda duka sunka mutu a fagen fama.

Mayaƙi ya sami wuri

Wanda ya tattara sauran shi ne Mayaƙi ɗan Yakuba. Ya nufo gabas, ya biyo gulbi har kusa da Maraɗi, inda Katsinawa sunka riga shi zama. Su ma gudu ya kawo su. An kore su daga Birnin Katsina wajen 1807, sarkinsu Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Wanda ya sha wuya shi ya san ta ɗan'uwansa. Ɗan Mari, sabon sarkin Maraɗi, ya taimaki Mayaƙi ya kafa garinsa nan kusa, yadda in anka buga tambarin yaƙi a ɗayan, mahayi zai kai labari ɗayan kafin doki ya yi gumi.

Zaɓen wurin ba na wasa ba ne. Fadamar a lokacin kurmi ce mai duhu, dokin maƙiyi bai iya sukuwa cikinta, ga ruwa kusa ko da rani, ga ƙasa mai ba da dawa. Sakkwato ba ta yi wata wata ba. A 1842 Sarkin Musulmi Atiku, wanda ya gaji Bello, ya kawo yaƙi Tsibiri da kansa. Bai ci garin ba, ya sami rauni, ya rasu a Katuru bisa hanyar komawa. Daga nan har zuwan Nasara, Tsibiri da Maraɗi ba su daina kai hari ƙasar Sakkwato da Katsina ba, su ma ba a daina kawo musu ba.

Yadda zaman ya kasance a waɗannan shekaru, wani baƙo ya gani da idonsa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa sunka sani da Abdulkarim, ya rabu da abokinsa Overweg a wajen Tasawa. Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuwa Barth ya bi ta Gazawa zuwa Katsina. Ya iske Gazawa kewaye da kafi da gwalalo, mutane na zaune cikin shirin hari kullum. Tsakaninta da Katsina daji ne babu kowa, sai kufan Ɗankama a hanya. Haka yankin Agye da Gazawa da Gidan Rumji yake a wancan zamani: jama'a a cushe cikin ƴan garuruwa masu kafi, sauran ƙasa ta namun daji ce da ƴan hari.

Wannan ne ya sa ƙauyukan yankin da yawa ke ɗauke da sunan mutum guda, Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane. Sai da yaƙi ya kwanta, a farkon ƙarni na 20, magidanta sunka fita daga kafi, kowa ya ɗauki gatarinsa da iyalinsa, ya sari daji, ya gina rijiya, wurin ya ci sunansa. Ƙauye na iya zama bai wuce kaka huɗu ko biyar ba. Amma in an tambayi mai gari inda kakansa ya fito, sai ya ce Tsibiri ko Maraɗi, in an ƙara matsa shi ya ce Alƙalawa ko Birnin Katsina.

Gidan sarautar ma ya rabu. Wajen 1860 wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓata da ƴan'uwansa na Tsibiri, ya shirya da Sakkwato, anka bar shi ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Da Faransa da Ingila sunka zo rabon ƙasa, yarjejeniyarsu ta 1898 ta sa Tsibiri da Maraɗi wajen Ingila. Faransawa sunka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, sunka nemi gyara, anka sake shata iyaka a 1904 da 1906. Sai Tsibiri ya faɗo wannan gefe, Sabon Birni da Alƙalawa sunka tsaya wancan. Cikin ayarin Kyaftin Tilho da ya zo kafa duwatsun iyaka akwai wani tafinta mai suna Landeroin, wanda ya zauna da dattawan Gobir ya rubuta abin da sunka faɗa masa. Har yanzu masu bincike na komawa ga wannan rubutu. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Gobir ta Tsibiri zuwa matsayin sultan, tare da ta Katsinan Maraɗi da ta Doso.

Kayan da anka yi gudu da su

Mai gudu bai ɗaukar ganuwa a ka. Abin da Gobirawa sunka iso da shi Tsibiri shi ne tsarin sarauta da al'adunta, kuma su ne tsofaffin kayan garin.

Akwai Taran Gobir, manyan fada tara masu zaɓen sarki. Akwai Sarkin Anna, wanda ke tsaye a madadin masu ƙasa na farko, manoma da maharba da sarakunan sunka iske a wurin. Sai kuma Inna. Mace ce daga gidan sarauta, sarki ke naɗa ta, tana da gidanta da mutanenta, ita ce uwar matan ƙasa kuma shugabar ƴan bori. A Maraɗi mai irin wannan matsayi Iya ake ce mata. Ƙarfin Inna a da ya kai inda Nana Asma'u ƴar Shehu, da ta tashi kafa ƙungiyar ƴan taru don karantar da matan ƙauye, sai ta sa wa jagororinsu, jajis, malfa irin wadda Inna ke sawa. Ta san matan Gobir sun saba girmama mai wannan malfa. Wanda ya ci yaƙi ya ari tufar wanda ya kayar, abin ya isa a tsaya a duba.

Akwai zanen fuska, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, wanda a da ke sa a gane Bagobiri ko a kasuwar Gwanja. Yanzu iyaye sun rage yi wa yara, nan gaba kaɗan sai a fuskar tsofaffi za a gan shi. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, da wanda ke tsakaninsu da Yarabawa, shi kam yana nan da ransa, a tasha da bariki da gidan biki. Ba a wasa da wanda ba a taɓa haɗa hanya da shi ba, don haka wasan ma shaida ce ta tsohuwar hulɗa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin kayan gadon duniya.

Dutse da laka

A ƙasar Girka, can Turai, akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Mikines, mutanensa ƴan ɗaruruwa ne, suna noman zaitun da lemu. Bisa tudun da ke bayansa akwai kufan wani birni da ya yi zamani sama da shekara 3,000 da sunka wuce. Labarin sarakunansa ya daɗe a bakin mawaƙa kafin a rubuta shi, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi tatsuniya. A 1876 wani Bajamushe, Schliemann, ya bi waƙoƙin ya tona wurin, ya iske kaburburan sarakuna da zinariya. Ya yi gaggawar cewa ya gano fuskar sarkin da waƙa ta ambata. Awo ya nuna daga baya cewa kaburburan sun girmi zamanin wannan sarki da shekaru ɗaruruwa. Waƙa ta nuna wurin da za a tona, ƙasa kuma ta gyara wa waƙa lissafi. Yau baƙi daga ko'ina cikin duniya na zuwa kallo, ƴan ƙauyen na cin abinci da su.

Girkawa da dutse sunka yi gini, dutse kuwa yana jira. Gobirawa da laka sunka yi, kuma damina 20 ta isa ta mai da soro tudun ƙasa. Abin da kufai irin na Birnin Lalle ko tsohon Tsibiri ke iya nunawa shi ne layin ganuwa da ya kwanta, da kasake, da kashin maƙera, da bakin tsohuwar rijiya ko marina, da maƙabarta. Duk abubuwa ne da garmar shanu ke iya shafewa cikin shekara biyu, kuma a jahar Maraɗi gona ta yi tsada, don mutane sun yi yawa. Ba wanda zai ga laifin manomin da ya nome tudun da bai san ko mene ne ba.

Akwai kuma masu tonon sata. Abin da ya faru a Bura, cikin yankin Tera, ya isa misali. A 1975 anka gano wurin, a 1983 Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ya tone shi bisa ƙa'ida, ya fid da tukwanen kabari masu siffar mutane da mahaya dawaki. Da labari ya kai Turai, dillalai sunka shigo da kuɗi, mutanen ƙauyuka sunka bi kufai da diga suna farfasawa. Tukunyar da anka cire daga raminta ba tare da an auna zurfi an duba abin da ke kewaye da ita ba, ta zama kayan ado kawai, ba ta iya faɗin shekarunta. Tun 30 ga Yuni 1997 akwai doka mai lamba 97-022 da ta hana tona kufai da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Wanda garmarsa ta tono tukunya ko ƙarfe ko ƙasusuwa, abin da ya kamata shi ne ya bar su inda suke, ya gaya wa mai gari, mai gari ya kai magana gaba.

Ɗayan rumbun, na baki, shi ma yana yoyo. Bubu Hama ya wallafa tarihin Gobir da Sakkwato a 1967. A 1968 anka buɗe cibiya a Yamai don ɗaukar maganar tsofaffi, wadda yau ake kira CELHTO. Amma abin da anka ɗauka galibi na fada ne, sarki wane ya gaji sarki wane. Tarihin maƙera da masaƙa da maharba, da na matan da ke riƙe da sunayen kakanni, da na ƙauyukan Cadakori da Saye Sabuwa da Gidan Sori, mafi yawansa yana cikin kan mutanen da sunka haura shekara 70. A da sai an jira ma'aikaci ya zo daga Yamai da rakoda. Yanzu kusan kowane gida akwai salula mai ɗaukar murya, kuma yaron da ya yi lakwal ko dattijon da ya yi yaƙi da jahilci na iya cika littafi guda da abin da kakarsa ta sani: wa ya gina rijiyar gari, daga ina ya taso, mi ya kore shi, wane gida ne na farko.

Hanyar Mayaƙi ba ta rufe ba

Ruwan da ya wuce gindin Tsibiri ya kan bi ta Gidan Rumji, ya ƙetare iyaka, ya faɗa Gulbin Rima, ya ratsa ƙasar Sabon Birni inda kufan Alƙalawa yake. Hanyar da Mayaƙi ya hauro ke nan a 1836. A 2019 mutane sunka sake biyo ta. Ƴan bindiga sunka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna kore shanu, suna kama mutane don kuɗin fansa. Kafin ƙarshen watan Satumba na shekarar, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 40,000 sun ƙetaro Nijar, galibinsu mata da yara, kuma gundumar Gidan Rumji ta karɓi kaso mai yawa. Kafin wata hukuma ta iso da buhu ko tanti, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne sunka buɗe musu zaure da rumbu, don da yawa dangi ne, zane ɗaya, kaka ɗaya. Daga baya anka matsar da waɗansu nesa da iyaka, zuwa wurare kamar Garin Kaka da Cadakori. A watan Agusta na 2024 abin ya kai ga gidan sarauta: Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda sunka sace shi bisa hanyar Sabon Birni.

Cikin waɗanda sunka ƙetaro akwai tsofaffin da sunka tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Alƙalawa, waɗanda sunka yi kiwo bisa ganuwarta tun suna yara, sunka san inda ake cewa nan ne fada, nan ne ƙofa, nan ne maƙabartar sarakuna. Mai bincike bai iya zuwa can cikin kwanciyar rai a irin wannan hali. Waɗansu daga cikin tsofaffin kuwa sun sauka ƙauyukan da ba su wuce tafiyar yini guda da amalanke daga fadar Tsibiri ba.